Gani ya kori ji? Tambaya daga bakin Gulbin Maraɗi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da wannan magana muka tashi, da ita kuma muke rufe bakin mai gardama. Ban taɓa shakkar ta ba sai a wata damina da na je Jiratawa, na tarar da ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 14, ya ƙura wa wayar salula ido. Wani tsohon hoton gasar iyo yake kallo, yana maimaita shi ba adadi. Da ya ɗago kai sai ya ce: "Kawu, na gano sirrin mutumin nan. Gobe ka zo ka gani." Washegari muka gangara wani gurbi da ruwa ya kwanta, wanda bai wuce ƙirjinsa ba. Ya faɗa ciki, ya shiga dukan ruwa da hannu da ƙafa, kansa a sama kamar na agwagwa. Kafin ya kai tsakiya numfashi ya ƙare masa, ya miƙe tsaye yana tari. Ya kalla, ya kuma kalla da kyau, amma ruwa bai karɓi shaidar idonsa ba. Tun ranar nake tambayar kaina: me mutum ke iya ɗauka daga gwani ta hanyar kallo, me ke kuɓuce masa?

Tambayar ta shafe mu, domin mu mutanen bakin gulbi ne. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Nijeriya. Da rani yashi ne da ake takawa da ƙafa, da damina kuwa sai ya cika ya batse. Ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, ta sa aka hau tudu. Ƴaƴanmu suna ganin ruwa wata uku ko huɗu a shekara, ba su da malamin iyo, amma yanzu gwanayen duniya duka suna cikin aljihunsu.

Mutumin da yaron ke kallo shi ne Aleksanda Popov, ɗan ƙasar Rasha, wanda ya ci zinariya a iyon mita 50 da na mita 100 a wasannin Olimpik na Barsalona a 1992, ya sake cin duka biyun a Atlanta a 1996. Iyon da ya shahara da shi shi ne na rub da ciki, wanda ake kira kurol, inda hannuwa ke shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Masana sun daɗe suna nuna shi a matsayin misali, saboda yakan riga abokan karawarsa isa alhali yana ɗaga hannu ƙasa da yadda suke ɗagawa. Mai horar da shi, Gennadi Tureski, ya san dalili: ya sa shi shekara da shekaru yana iyo a hankali, mai nisa, yana gyara kowane motsi, har jiki ya riƙe daidai ya manta kuskure. Gudun da duniya ke tafa wa na daƙiƙa 48 ko 49 an gina shi ne a kan dubban sa'o'i na tafiyar hawainiya da ba wanda ya ɗauki hotonsu.

A nan ido ya fara yaudararmu. Abin da ke bayyana a saman ruwa shi ne hannu mai tashi da kumfa mai fantsama, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Aikin yana ƙasa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma idan mutum ya ninka saurinsa, turjiyar ruwa takan ninku kusan sau huɗu. Don haka gwani ya fi damuwa da rage abin da ke tare shi. Yana kwantar da kai, idonsa na duban ƙasa, domin da zarar kai ya ɗago, ƙugu da ƙafafu za su nutse su zama kaya. Yana miƙa hannu can gaba, ya kama ruwa da tafi da damtse, gwiwar hannu a sama, kamar mai dafa katanga zai haye. Yana jujjuya jiki gefe zuwa gefe, yana fitar da numfashi a cikin ruwa, ya sha iska ta gefe ba tare da ɗaga kai ba. Ƙafa kuwa daga ƙugu take kaɗawa. Ɗan ƙanwata ya ga sauri, sai ya kwaikwayi sauri. Natsuwar da ta haifi saurin ba ta fito a waya ba.

Akwai wata rana da ta haɗa mu, mu ƴan Nijar, da wannan darasi a gaban duniya. Ranar 19 ga Satumba 2000, a wasannin Olimpik na Sidni, mutum uku ne suka hau bakin ruwa a zagayen farko na mita 100: Karim Bare na Nijar, da Farkod Oripov na Tajikistan, da Erik Musambani na Gini Ikwatoriya. Na Nijar da na Tajikistan suka faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka fitar da su. Musambani, wanda bai fi wata takwas da fara koyon iyo ba, ya yi tseren shi kaɗai, ya ƙare da ƙyar cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, alhali Pita fan den Hogenband na Holan ya ci gasar da daƙiƙa 48.30, Popov na biye da shi. Mutane da yawa sun yi dariya. Amma Musambani ya ba da labarin cewa a can Sidni yakan zauna yana kallon yadda ƴan wasan Amurka ke motsa jiki a ruwa, kuma wani mai horarwa ɗan Afirka ta Kudu ya tsaya ya nuna masa abin da bai gane ba. Bayan ƴan shekaru ya sauko ƙasa da daƙiƙa 57, a 2012 kuma ya zama mai horar da ƴan iyon ƙasarsa. Kallo ya buɗe masa ƙofa, gyaran wani da haƙurin kansa suka shigar da shi.

Saboda haka ba na cewa kallon gwani banza ne. Wanda bai taɓa ganin kyakkyawan aiki ba, da wuya ya yi marmarinsa. Kowane maƙeri da majemi da masaƙi da kallo ya fara. Yaran da suka taso bayan Yakuba Ango Kantu ya kawo wa Maraɗi takobin farko na kokowar ƙasa a Tawa a 1975, da kallo suka kamu da son fage. Sai dai babu ɗan kokowar da ya ci takobi daga kan benci. Sai ya shiga hannun wanda ya fi shi, ya sha ƙasa, ya ji yadda nauyin mutum ke gocewa kafin ido ya gan shi. Tsakanin kwaikwayo da koyi akwai tazara: mai kwaikwayo yana ɗaukar kamannin aiki, mai koyi yana neman dalilinsa, ya kuma yarda a ce masa ya yi kuskure.

Harshenmu ma ya riga mu sanin wannan. Kalmar ji tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya: muna jin magana, muna jin sanyi, muna jin Hausa, muna kuma cewa yaro ba ya ji. Wani tsohon masunci da na kai yaron wurinsa a bakin tafkin Madarunfa bai nuna masa komai ba. Ya sa tafin hannu ƙarƙashin cikinsa ya ce: "Jikana, kwanta. Kada ka yi faɗa da ruwa, saurare shi." Sai da yaron ya saki wuya ya ji ruwa ya ɗauke shi, tsohon ya zare hannu a hankali. Masu horar da gwanayen duniya ma jin ruwa suke kiran wannan baiwa. A nan karin maganarmu ta juya: ji ne ya kori gani, jin jiki da jin magana gaba ɗaya.

Sauran batu shi ne wanda ya fi nauyi: gwanin wa, kuma don wace buƙata? Popov yana da tsawon kusan mita 2, yana iyo a tafkin siminti mai ruwa garau, mai bango a kowane gefe. Masu tseren mita 50 sukan gama ba su shaƙi iska ba ko sau ɗaya, ko su shaƙa sau ɗaya tak. Dabara ce mai kyau ga daƙiƙa 21 ko 22, amma ajali ce ga yaron da ya ɗauke ta ya shiga gulbi a watan Agusta, inda ruwa ke da laka da igiya da kututturan da ba a gani. A can, gwaninta ita ce iya kwanciya rigingine a huta, da bin ruwa a karkace har a kai gaɓa, da sanin ranar da ba a shiga sam. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, yara da matasa na da babban kaso a ciki. A 2021 ɗin ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don yaƙi da nutsewa, ranar da ke faɗowa a tsakiyar daminarmu.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, wannan aiki namu ne. Ba za mu raba yara da waya ba, bai kuma kamata mu hana su sha'awar gwanaye ba. Abin da za mu iya shi ne mu zauna tare da su mu tambaye su: me ka gani, me kake zaton yana faruwa a ƙarƙashin ruwa, shekara nawa ya yi kafin ya kai nan? Mu kuma nemo masuntanmu na Madarunfa da dattawan da suka san mashigan gulbi daga Jiratawa zuwa Tibiri, mu haɗa su da ɗalibai kafin ruwa ya sauko. Darasin bai tsaya ga iyo ba: ɗalibin da ya haddace salon wani marubuci, da matashin da ya ari tafiyar attajiri bai san wahalarsa ba, duk dukan ruwa suke yi.

Ɗan ƙanwata har yanzu yana kallon Popov. Sai dai yanzu yakan tsayar da hoton a inda hannu ya ɓace cikin ruwa, ya daɗe yana tunani. Da koyo akan iya, in ji magabata, kuma koyo yana buƙatar ido da kunne da jiki, da hannun wani a ƙarƙashin ciki har zuwa ranar da za a zare shi.