Ko Rage Ƙiba Butulci Ne ga Mai Bayarwa?

Ka san yadda muke tarbar wanda ya dawo gida ya yi jiki. Mukan ce ya murmure, hutu ya karɓe shi, Allah ya buɗa masa. In kuwa ya dawo a rame, sai a ja shi gefe a tambaye shi cikin raɗa ko lafiya. Haka muka taso muka tarar daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Tsanyawa zuwa Kunchi, kuma iyayenmu ba wauta suka yi ba. Wanda ya ga farin 1973, wanda ya san yadda rumbu yake ƙarewa a watan Agusta tun gero bai nuna ba, yana da dalilin ɗaukar tsoka a jiki alamar alheri.

To, ga shi yau ma'aikacin lafiya ya ɗaura maka abin awo a dantse, ya ce jininka ya hau, ko kuwa sukari ya yi maka yawa, ya ce lalle ka rage nauyi. Ka fito zuciyarka tana rabe biyu. Ashe ba raina kyautar Allah ba ne mutum ya ture akushi da gangan, a ƙasar da maƙwabcinsa yake kwana da yunwa? Ashe ba son a yabi siffarka ba ne kawai, irin na mutanen duniya? Tambayar tana da nauyi, bai kamata a amsa ta da dariya ba.

Ka fara duban yadda muka zo nan. Ƙasarmu cike take da mutane, gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta. Da taki da gumi ake riƙe ta shekara da shekaru. Kakanka da ƙafa yake bin jakinsa zuwa kasuwa, ya yi huɗa da noma da fartanya. Kakarka takan yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta jawo ruwa a rijiya mai zurfi. Abin da suka ci, aiki ya cinye. Har yau yawancin manoma haka suke, kuma wannan magana ba tasu ba ce. Amma wanda Allah ya ɗan ɗaga, malamin makaranta, mai shago, dillalin hatsin da ke kai kaya Dawanau, ma'aikacin ikkilisiya, ya samu babur, injin niƙa ya ɗauke wa gidansa turmi, shayi mai sukari da burodi sun maye gurbin kunu, shinkafa da taliya da lemon kwalba sun zama abin fita kunyar baƙo. Aikin ya ragu, malmalar tuwon ba ta ragu ba.

Littafi Mai Tsarki bai ajiye ma'auni a ƙofar Mulkin Sama ba. Ya ambaci cewa Eli firist mutum ne mai nauyin jiki sa'ad da ya faɗo daga kujerarsa ya mutu yana da shekara 98, amma laifin da aka kama shi da shi na rashin tsawata wa 'ya'yansa ne. Masu son mai da labarin Daniyel littafin rage ƙiba kuma su sake karanta shi: bayan kwana goma na ganye da ruwa, shi da abokansa sun fi masu cin abincin sarki cikar jiki. Akwai wanda ƙiba gadonsa ce, akwai wadda haihuwa ta bar mata, akwai wanda magani ya kumbura. Kada ka dubi ɗan'uwanka a majami'a ka yanke masa hukuncin haɗama. Ba ka san abin da ke cikin tukunyarsa ba.

Abin da Maganar Allah ta nace a kai shi ne wane ne mai jikin. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 6, ya koya wa masu bi su ɗauki jikinsu mazaunin Ruhu Mai Tsarki, abin da aka fansa, ba mallakar kansu ba. Kai manomi ne ko ɗan manomi, ka san hukuncin gonar aro. Ba ka da ikon barin zaizaya ta cinye ta don kawai amfanin bana ya yi maka daɗi. Gwiwoyin nan da suke ƙara in ka durƙusa addu'a, da zuciyar da take bugawa da ƙarfi in ka hau ɗan tudu, aronsu aka ba ka, kuma akwai waɗanda suke da rabo a cikinsu: matarka, da yaran da ba su gama makaranta ba. Shanyewar ɓarin jiki ba mutum ɗaya take kwantarwa ba. Takan sa a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, a cire yarinya daga aji don ta yi jinya.

Abin da ake nema gare ka kuwa bai kai yadda kake tsoro ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka buga a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan. Minti 150 ɗin nan shi ne kuma mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar babba ya yi: tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako. Ka jingine babur ran Lahadi ka taka zuwa sujada. Ka karɓi fartanya ka yi kunya biyu tare da 'yan ƙodagon da ka ɗauka. In ba ka da sikeli, ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, teɓa ta wuce iyaka. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Zogale da rama da yakuwa da wake kuwa, waɗanda wasu suka fara jin kunyar ajiye wa baƙo, ba su taɓa cutar kowa ba, in dai ba a nutsar da su cikin mai da gishiri ba.

Wahalar ba a ciki take ba, a bakin mutane take. Ranar da rigarka ta fara yi maka yawa, za a ce kasuwa ta karye maka, ko wata muguwar cuta ce kake ɓoyewa. Ke kuma 'yar'uwa, naki ya fi zafi, gama in kin rame mijinki za a zarga da rowa, danginki su fara aiko da tambaya. Wannan tsoron ne yake kai wasu mata ga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, su sayi kumburi da kuɗinsu, su biya da lafiyarsu. Fasto ma yana cikin tarko irin nasa: gida biyar ya ziyarta, akushi biyar za a ajiye masa, kuma ƙin ci kamar ƙin zumunci ne. A ganina a nan kamunkai yake zama 'ya'yan Ruhu na gaske, gama ana yin sa ba tare da yabon kowa ba, har ma da shan zargi. Dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata za su sauƙaƙa wa mutane da yawa in sun daina auna karamci da yawan mai a miya.

Amma ka yi hankali da gunki na biyu. Mai bautar ciki da mai bautar madubi duk kansu suke kallo. Kada ka horar da jikinka da yunwa, kada ka amince da shayin rage ƙiba da ake tallarsa a kasuwa. Mai juna biyu da mai shayarwa ba lokacinsu ba ne. Mai shan maganin sukari ya nemi shawarar asibiti kafin ya rage ci. Wanda kuwa yake ramewa ba da niyyarsa ba, ya je a duba shi da wuri. Kada kuma ka kira wannan azumi, don azumi neman fuskar Ubangiji ne.

Saura batun maƙwabci mai yunwa. Annabi Ezekiyel, a sura 16, sa'ad da yake lissafa laifin Saduma, ya haɗa ƙoshi da rashin kula da matalauci wuri ɗaya. Cinye malmala ta uku ba ya sa ko loma a bakin yaron da tamowa ta kama a bayan dangarka. Amma in ka auna abin da ka rage, tiyar gero a wata, kuɗin lemo da sukari na mako, za ka ga ya isa a dama wa wannan yaro kunun gyaɗa kowace safiya har kaka ta yi. Ka aika da shi da almuru, ta hannun matarka, yadda uwar yaron ba za ta ji kunyar karɓa ba.