Wa Ya Karya Mai Tebur?



Bayan sallar Magariba wani matashi ya tsare ni a bakin masallaci, ya miƙo mini ɗan littafi irin na 'yan firamare, duk maiƙo ya ɓata shi. Ya ce, "Malam, duba nan, jarina ne duka." Na buɗe, sai ga sunaye a jere, kowane da kuɗi a gabansa: wane ɗari biyar, wane dubu da ɗari biyu, wance ɗari uku na magi da omo. Na san fiye da rabinsu. Wasu ma a sahun farko suke salla a bayana. Teburin nan ya kife shi, ba abin sari. Tambayarsa ɗaya ce: in Allah Ya sa ya sake kafawa, ya ce ya daina ba da bashi, ya yanke zumunci?

Mu masu wa'azi kullum muna cewa matasa su kama sana'a ko da ƙarama ce. Muna kawo labarin Abdurrahman bin Auf (RA), da ya isa Madina hannu rabbana, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa kawai, ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Labarin sahihi ne. Amma ribar ta samu ne saboda waɗanda suka sayi kayansa sun biya. Wannan ɓangaren ne ba mu cika taɓawa a kan mumbari ba, wataƙila don ya shafe mu.

Ku yi lissafi da ni. A ce jarin yaro naira dubu 40 ne, ribarsa a wuni ba ta wuce dubu ɗaya da rabi ba, a ciki zai ci, ya kai cefane gida. Mutum goma su riƙe masa dubu ɗai-ɗai, kashi ɗaya cikin huɗu na uwar kuɗin ya tafi. Ranar sari ya ɗauko kaya kaɗan, masu saye su zo su tarar babu, su koma wani wuri. Haka tebur yake mutuwa, ba ɓarawo, ba gobara. Kuma ku tuna yadda kayan suke isowa. Wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Anka, ko ya shiga kasuwar Gummi ko Nasarawar Burkullu daga ƙauye a shekarun nan, ya san da fargaba ake tafiya. Mata nawa ne rashin tsaro ya koro cikin garin Anka, aka kashe mazansu, suka kafa kaskon ƙosai ko awara da ɗan abin da suka tsira da shi? Irin wannan baiwar Allah za ka ce wa "sa mini na ɗari biyu, gobe ni kawo miki", goben ta zama wata uku?

Sai ka ji an ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, cin bashi ba haramun ba ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ci bashi, ya kuma biya da kyautatawa. Abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito shi ne ya ƙirga jan ƙafar mai hali wajen biya cikin zalunci. An taɓa kawo gawar mai bashi ya ƙi yi mata salla, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauke bashin a wuyansa. Wanda yake da kuɗin data da na naman tsire, amma ya sauya hanya don kada ya bi ta gaban mai tebur, ya duba kansa a hadisan nan. Wanda kuwa da gaske babu, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya samu, yafewa kuma ta fi alheri. Hukuncin mutum biyun daban ne, kuma kowa ya san a wane ɓangare yake.

Da jarin ya karye, ina yaron zai nufa? A wajenmu amsar ba ɓoyayya ba ce, ramin zinare ne, ko abin da ya fi shi muni. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yar Galma, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje. Ba na cewa masu taurin bashi ne suka jawo wancan bala'in. Ina cewa duk teburin da muka kifar, mun rage wa wani ƙofar halal guda, a yankin da ƙofofin ba su da yawa.

Ga abin da na faɗa wa matashin. Hana bashi ba yanke zumunci ba ne, domin dukiyarsa ce, kuma ciyar da iyalinsa wajibi ne, bai wa maƙwabci bashi kuwa mustahabbi. In ya ga mai yunwa na gaske, ya ba shi gwargwadon abin da ba zai taɓa jarin ba, da niyyar sadaka, kada ya rubuta. Ya fi masa ya ba da ƙullin sikari ɗaya don Allah da ya ba da tiya guda da sunan bashi, ya shekara yana jin haushin mutum. In kuma zai bayar, ya yanka rana a gaban mai karɓa, ya rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan bashi take, kuma ta hana ƙosawa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Don haka ba rowa ba ce, ba kuma rashin kunya ba.

Littafin yana wajena, da izininsa. Ba zan karanta sunan kowa ba. Ranar Juma'a bayan an sallame zan zauna a ɗakin liman har La'asar, wanda ya san sunansa na ciki ya zo shi kaɗai, ko ya aiko yaro.

Wallahu a'alam.