Inuwar Itace Ta Wa Ce?

Abossey Okai unguwa ce ta kayan gyaran mota a birnin Akra, wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara. Ƙarfe ne ko'ina, da rufin kwano, da kwalta. Sa'ad da rana ta take, zafi yakan sauko daga sama ya kuma taso daga ƙasa. Inda duk darbejiya ɗaya ta ragu a bakin hanya, nan za a iske makanikai sun jawo benci, mai koko ta kafa tukunyarta, ɗan dako ya jingina kurarsa yana hutawa. Ba wanda ya kira su. Amma itacen nan a cikin filin mutum ɗaya yake tsaye. In mai filin ya tashi wata rana ya sare shi domin ya gina shago, ya cuci wani ne, ko kuwa ya yi da abinsa yadda ya ga dama ne kawai?

Kada a yi saurin yanke masa hukunci. Wanda ya san zaman Sabon Zango, ko Nima, ko Maamobi, ya san darajar taku goma na ƙasa. Dangi suna zuwa daga arewa, ba a korar baƙo, yara sun girma sun yi aure, ɗaki ɗaya kuwa na haya yana biyan kuɗin makarantar yaro. Saiwar darbejiya tana fasa harsashin gini, ganyenta yana cika kwata, matar gida ce kuma take shara kowace safiya. Masu shan inuwa ba su taɓa ba shi ko kwabo ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, duk wanda zai yi masa wa'azi sai ya fara jin ta tukuna.

Duk da haka akwai abin da mutumin zango ya kamata ya tuna. Itace ne ya kawo kakanninsa ƙasar nan. Fataken Kano da Katsina sun yi ta bin hanyar Gwanja wata da watanni, da jakuna, da kanwa, da tufafi, da kayan fata, ba domin kome ba sai goro, ɗan itacen da yake tsiro a kurmin Asante. A Salaga ake haɗuwa. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a shekara ta 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi, da Kumasi, da Akra, zangunan kudu suka ƙara cika. Sabon Zango da yake maƙwabtaka da Abossey Okai, Malam Bako ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, mahaifinsa kuwa daga Katsina ya fito. Harshen da ake ciniki da shi a zango, da wa'azi, da karanta Littafi Mai Tsarki, sawun goro ya biyo ya iso bakin teku.

Ita darbejiyar ma baƙuwa ce. Daga Indiya aka kawo irinta a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. Daga Gana aka kai ta Barno a 1928, ta bazu a ƙasar Hausa har ta sami sunaye: wasu su ce dogon yaro, wasu su ce maina. Waɗanda suka shuka na farko duk sun mutu. Mai filin nan bai biya su ba, kamar yadda masu benci ba su biya shi ba. A inuwar wani ya tashi.

Aikin itace bai tsaya ga inuwa ba. Ganyensa yana tare ƙarfin ruwan sama, saiwarsa tana riƙe ƙasa, tana kuma buɗe wa ruwa hanya ya nutse maimakon ya kwarara. Inda aka sare itatuwa aka shafe ƙasa da siminti, kowane ɗigo sai ya nemi kwata, kwata ta zuba a rafin Odaw, Odaw kuwa a cike yake da yashi da leda. Ran 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya ci tsakiyar Akra, mai ya malalo bisa ruwan a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka hallaka. Ba daidai ba ne a ɗora wannan masifa a kan saran itace kaɗai, gama gini a kan hanyar ruwa da zubar da shara a kwata suna da babban rabo a ciki. Amma ƙasar da ba ta shan ruwa, aikin hannun mutane ce. Ruwan famfo na yammacin birnin kuma daga madatsar Weija yake zuwa, Weija tana kan kogin Densu, Densu kuwa daga kurmin Atewa yake ɓuɓɓugowa. Shi ya sa mutane da yawa suka tashi tsaye sa'ad da aka yi shirin haƙar ma'adinin sanholo a kurmin. Mai wanke hannu a Abossey Okai yana cin albarkacin itatuwan da bai taɓa gani ba.

Hausawa sun ce, inuwar giginya na nesa ka sha. Akan faɗi haka a yi wa mutum zambo, wanda alherinsa yake tsallake na gida ya sauka a kan bare. Amma a kan itace maganar gaskiya ce tsantsa, tana kuma da wata fuska: in aka sare shi, ɓarnar ma na nesa ka sha ta. Buhun gawayin da ake saukewa a zango daga wajen Kintampo da arewa yake zuwa, wani lokaci har da kaɗanya a ciki, itacen da matan ƙauye suke samun man kaɗe daga gare shi su ciyar da 'ya'yansu. Madobiya kuwa an yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin, gwamnati ta hana, aka koma, ta sake hanawa. Ba za a zargi matar da ta sayi gawayi na sidi kaɗan domin ta dafa tuwo ba, gama ba ta da kuɗin tukunyar gas. Amma wanda yake da hali ya canja, ya ƙi, ba shi da wannan uzuri.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. A Farawa sura 2, aikin farko da aka ba mutum shi ne ya nome gonar ya kuma kiyaye ta. A Maimaitawar Shari'a sura 20 an hana mayaƙan da suka kewaye birni su sare itatuwa masu ba da 'ya'ya. Mai karatu ya lura, itatuwan abokan gaba ne ake magana a kai, a lokacin yaƙi kuma. In soja da takobi a hannu ba a sake masa ya yi yadda ya so da itace ba, da wuya a ce takardar fili ta ba mutum wannan iko.

Watakila wani zai ce, to, a mai da itatuwa duka na hukuma, a huta. An gwada. Wata doka ta 1962 a Gana ta sa itatuwan katako da suka tsiro da kansu a hannun shugaban ƙasa, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomin koko ya ga cewa in ya bar itacen ya girma, masu katako za su zo da takarda su kayar da shi a kan kokonsa, su ja shi da mota, riba ta tafi wani wuri. Sai manoma da yawa suka riƙa kashe itacen tun yana ƙarami. A ƙasar Maraɗi an ga kishiyar wannan. A 1983 wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sassabewa kowace shekara, tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka koya wa mutane su bar rassa kaɗan masu ƙarfi, su rage sauran. Ana ce da shi sassabin zamani. Abin ya kama sosai sa'ad da manoma suka tabbata itacen nasu ne, ba na malamin daji ba. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, gawo da ɗan'uwansa, gero kuma ya ƙaru a ƙarƙashinsu.

Ashe mutum yana kiwon abin da yake da rabo a ciki. Saboda haka ba za a ƙwace itacen daga hannun mai fili ba. Nasa ne, amma irin mallakar mai rijiya a bakin hanya, wanda ba ya cike ta domin kawai shi ya ƙoshi. In larura ta kama shi, kamar itacen ya ruɓe ko yana rushe gida, ya sare, ya shuka wani. In kuwa kwaɗayin shago na huɗu ne, ya ci amana. Masu benci ma suna da nasu hakkin a wuya. Wanda ya sha inuwa shekara goma bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba, bai ba da kuɗin sassaƙe reshe ba, bakinsa ba shi da nauyi ran da gatari ya zo.

A watan Yuni na 2021 gwamnatin Gana ta sa ranar shuka itatuwa ta ƙasa duka, da nufin shuka miliyan 5, a 2022 aka ɗaga zuwa miliyan 20. Ikilisiyoyi, da masallatai, da makarantu sun karɓi dashe kyauta, an ɗauki hotuna. Shuka kuwa aikin sa'a ɗaya ne a cikin damina. Gwajin yana zuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya busar da ƙasa, a unguwar da ake sayen ruwa jarka jarka, tumaki da awaki kuma suna yawo sake. Dashen darbejiya ko mangwaro yana bukatar shinge na kara ko tsohuwar waya, da bokitin ruwa sau biyu ko uku a mako, ko da na wanke-wanke ne, har rani biyu su wuce. A harabar majami'a ko masallaci, sai an kira sunan mutum ɗaya an ce wannan dashe a hannunka yake.