Ƙaryar Farko a Kan Mutuwa Aka Yi Ta

Ranar Alhamis, tun rana ba ta ɗaga ba, karar Maigatari ta cika maƙil. Shanu da raƙuma da tumaki sun tsallako daga Nijar, manyan motoci sun jeru suna jiran lodi zuwa kudu, ƙura ta turnuƙe. Dillali ya kama leɓen sa ya buɗe wa mai saye haƙora, ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali ya san dabbar ta kwana tana tari, ya kuma san an ba ta kanwa da asuba ta sha ruwa har ciki ya yi tim. An sallama, ya soke rarar da mai dabba bai ji labarinta ba, sannan ya dawo ya karɓi la'ada. In ka yi masa magana sai ya ce kasuwa ce. Akwai dillalan da Buzu zai bar musu garke ya tafi Damagaram, ya dawo ya tarar da kuɗinsa cif, Allah ya ƙara mana irinsu. Amma duk wanda ya taɓa sayen buhun riɗi ya je gida ya tankaɗe rairayi kwano guda ya san yadda ƙarya ta zama abokiyar cinikinmu.

'Yan'uwa masu bi, mu da muke 'yan ƙalilan a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a kasuwannin nan muke saye da sayarwa, kuma hannunmu bai fita ba. Shi ya sa nake so mu tuna inda ƙarya ta samo asali, da abin da aka fara yin ta a kansa.

A sura ta 3 ta Farawa, maciji bai zo wa Hauwa'u da zagi ko barazana ba. Tambaya ya fara yi, mai kama da ta mai neman sani, don ya sa ta shakkar abin da Allah ya faɗa. Da ya ga ƙofa ta buɗe sai ya tabbatar mata cewa mutuwar da aka gargaɗe su da ita ba za ta same su ba. Ƙaryar farko ke nan a duniya, kuma a kan mutuwa aka yi ta. Yau Shaiɗan ba zai ce wa mutumin Gumel ba zai mutu ba, don yaro ma ya san hanyar maƙabarta. Abin da yake raɗa mana shi ne da sauran lokaci. Bari kaka ta yi ka biya. Bari yara su gama makaranta ka daina algus. In ka tsufa ka nemi gafarar kowa. A ganina babu ƙaryar da mutum yake yi da rana tsaka face wannan raɗar tana ƙarƙashinta, domin wanda ya tabbata yau da dare zai tsaya gaban Mahaliccinsa ba zai lotsa gindin mudu ba.

Yesu ya yi magana a kan Iblis a Yohanna sura ta 8, ya haɗa masa laifi biyu wuri guda, kisankai da ƙarya, ya kuma nuna cewa duk ƙarya a gidansa aka haife ta. Ko da yake mu mun saba raba su, muna ganin kisa babba, ƙarya kuwa 'yar dabarar zaman duniya, shi bai raba ba. Manzo Bulus ya ƙara wa Korintiyawa gargaɗin cewa Shaiɗan yakan yi shigar mala'ikan haske. Sa'ad da ya gwada Ubangijinmu ma, aya ya jawo daga Zabura ta 91 ya murɗe ta. Saboda haka jin sunan Allah a bakin mutum ba shaidar gaskiya ba ce. Mai wa'azin da ya ce ka kawo kuɗin iri a ninka maka kafin ƙarshen wata, da ɗan damfarar da ya kira ka a waya ya ce ka ci kyauta, malaminsu ɗaya. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna neman tsari daga Shaiɗan safe da yamma, sun kuma san cewa Kirista yana iƙirarin bin wanda ya kira kansa gaskiya. Idonsu na kanmu. Kirista ɗaya ya yi rantsuwar ƙarya a kasuwar Gumel, duk 'yan coci aka shafa wa baƙin fenti.

Labarin da ya fi tsorata ni yana cikin Ayyukan Manzanni sura ta 5, kuma labarin ciniki ne. Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da fili, suka ɓoye wani abu daga kuɗin, Hananiya ya kawo saura gaban manzanni kamar shi ke nan duka. Babu wanda ya tilasta musu. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin a sayar, kuɗin ma nasa ne bayan an sayar. Da ya ce ga rabi na kawo, da an karɓa an sa masa albarka. Suna suke so, a ce sun ba da duka. Bitrus ya tambaye shi yadda aka yi Shaiɗan ya cika masa zuciya har ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, nan take ya faɗi matacce, samari suka naɗe shi suka kai shi kabari. Bayan kamar sa'a uku matar ta shigo, ba ta san an riga an binne mijinta ba. Bitrus ya tambaye ta ko kuɗin filin kaza ne. Wannan tambayar ƙofar tuba ce aka buɗe mata, ta ƙarshe, ita kuwa ba ta sani ba. Ta ce haka ne. Samarin da suka dawo daga binne mijin su suka ɗauke ta.

Ku lura, Bitrus ya ambaci Shaiɗan, amma Hananiya ya tuhuma. Mu kan ce "sharrin Shaiɗan ne" kamar an wanke mu ke nan. Shi nasa talla ne, ba ya danne mutum ya ɗura masa. Wanda ya miƙa hannu ya saya shi zai amsa.

Batun gajartar kwana kuwa, mu 'yan Jigawa ba sai an ba mu labari ba. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Jama'a suka taru, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, washegari aka binne da yawa a kabari guda. Kada kowa ya ɗauka ina cewa zunubinsu ya fi namu. Yesu da kansa ya hana wannan tunani a Luka sura ta 13, da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, ya juya maganar ga masu sauraro ya ce su tuba. Mutanen Majiya talakawa ne irinmu, tsadar mai ta gallabe su kamar yadda ta gallabe mu. Abin da nake tunawa kawai shi ne kowannensu ya kwana da shirin gobe: wani zai kai gero kasuwa, wani akwai bashin da zai biya, wani akwai maganar da yake niyyar gyarawa da ɗan'uwansa. Allah ya ta'azantar da iyalansu. Wasiƙar Yakubu sura ta 4 kamar da 'yan kasuwarmu take, masu lissafin garin da za su je su shekara su ci riba, ta ce ran mutum kamar hazo yake, yanzu ana ganinsa, an jima babu. Zabura ta 90 ta yanka mana shekara 70, mai ƙarfi 80. Ku ƙirga waɗanda muka kai maƙabarta bana, nawa ne suka kai?

Akwai wani abu game da ƙaryar kasuwa da ba mu cika tunani a kai ba. Zakka mai karɓar haraji, ranar da Yesu ya shiga gidansa a Yariko, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, kuma ya iya, domin mutanen suna nan cikin gari, ya san ƙofofinsu. Wanda ka cuta a Maigatari fa? Ya kora dabbobinsa ya tsallake iyaka kafin magariba, ba ka san sunansa ba, ba ka san rugarsu ba. Ko da Allah ya ba ka tsawon rai ka tuba, ina za ka gan shi? Jinin Almasihu yana wanke wanda ya furta zunubinsa da gaske, wannan ba na shakka. Amma haƙƙin bawan Allah ya tafi da shi arewa, wataƙila ma shi ya riga ka tafiya.

Waɗanda ake iya samu kuwa suna nan kusa. Matarka da ka ɓoye wa kuɗin zoɓon da kuka noma tare. Ƙanenka da ka ce masa iyakar gonar gado a bakin kuka take, alhali ka san a bakin aduwa marigayi ya nuna. Ma'ajin ikilisiya da ya rubuta baiko ƙasa da abin da aka ƙirga ya san dattawan da zai je ya samu. Maigidan da ya aike ka kasuwar Gujungu ka ƙara masa kuɗin mota yana zaune a shagonsa. Ka je ka same su tun kuna iya gaisawa, ka faɗi adadin yadda yake.