Wahalar Sojan Dole: Tana Da Lada Ko Babu?

 

A shekarar 1919 Faransa ta kafa dokar aikin soja na dole, na shekara 3, a ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. Kumandan yakan yanka wa sarki adadin samarin da zai kawo, sarki kuma ya raba wa masu gari. A ƙasar Magarya da Dungas iyaka tana kusa, don haka wanda ya ji ƙishin-ƙishin yakan tsallaka wajen Daura ko Babura ko Maigatari ya ɓuya. Wanda aka kama kuwa, galibi ɗan talaka ne marar mai tsaya masa. A tasa ƙeyarsa zuwa Damagaram, daga nan sai inda Nasara ya ga dama. Rundunar ma da sunan Sanagal ake kiranta, ko da mutum Bahaushe ne.

Sojojin wannan runduna sun yi yaƙi a Faransa a 1940, an kama da yawa an tsare. Waɗanda suka komo suka nemi haƙƙinsu a barikin Caroy kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Ƴan'uwansu na ɗaya gefen iyaka, da suka shiga sojan Ingila, sun keta dazukan Boma a 1944 da kaya bisa kai, cikin ruwan sama da matsattsaku da masassara.

To, ya ɗan'uwa, wannan wahala tana da lada a wurin Allah?

Wasu sun ce babu, domin yaƙin ba don Allah aka yi shi ba. Hujjarsu Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira: zafi, ƙarancin guzuri, mutum biyu ko uku suna karɓa-karɓar raƙumi guda. Abu Zarri, Allah Ya ƙara masa yarda, da raƙuminsa ya gaza, sai ya ɗora kayansa a baya ya bi sawun runduna da ƙafa. Abin da ya ɗaukaka wannan tafiya shi ne wanda aka bi da niyyar da aka ɗaura. Sojan Faransa fa, wa ya bi?

Maganar tana da ƙarfi, amma ta haɗa abu biyu. Ladan jihadi daban, ladan haƙuri da jarrabawa daban. Saurayin da aka fizge daga gonar gero bai zaɓi yaƙin ba, ba ya ma sanin dalilinsa. Abin da ya faɗo masa musiba ce irin ta fari ko annoba, kuma ya tabbata a hadisi cewa gajiya da ciwon da ke samun mumini kankarar zunubi ne. Sannan ba a ƙwace masa komai da komai ba. Yana iya yin taimama ya yi salla, yana iya jan wuridinsa a zuci ƙafa tana tafiya, yana iya raba ruwan gorarsa da wanda ya faɗi, ko ya kau da kai daga akuyar tsohuwa a ƙauyen da aka ratsa. Malaman tarbiyya suna sa almajiri yunwa da rashin barci don a karya nafsu. Shi wannan an ɗora masa su ba shawara, saura ya juya su ga Allah ko ya bar su su tafi a banza.

Sai dai dole tana da iyaka, kuma nan ne maganar take da ɗaci. A 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ratso ƙasar Hausa, ta ƙone garuruwa, ta karkashe mutanen Birnin Ƙonni. Sojojin da suka yi aikin baƙaƙen fata ne, sun sha ƙishirwa, ƙafafunsu sun faffashe, kuma umarni aka ba su. A watan Yuli, kusa da Maijirgi a ƙasar Tasawa, su da kansu suka harbe shugabannin nasu biyu. Ashe hannun da ya cinna wuta yana iya ƙi tun farko. Bayan ƴan kwanaki kuma rundunar ta ci gaba, ta yi yaƙin Tirmini, ta shiga Damagaram.

Shari'a ta yi wa wanda aka tilasta rangwame mai yawa. Ammaru ɗan Yasir ya furta kalmar kafirci a ƙarƙashin azaba, zuciyarsa tana natse da imani, ba a kama shi da laifi ba. Amma malaman Malikiyya, kamar sauran malamai, ba su yarda tilas ta halatta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Sojan da aka ce ya harbi manomi ko a harbe shi, hukuncinsa shi ne ya ƙi, ko da za a kashe shi a wurin, domin ransa bai fi na manomin tsada ba.