Sauron Rana da Haƙƙin Maƙwabci



Ya 'yan'uwa Musulmi, masu masana'antu da ma'aikatan Sharaɗa da Challawa da Bompai, da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da su, ku ji tsoron Allah a kan ruwan da kuke bari yana kwanciya. Sauro duk ƙanƙantarsa Ubangiji ya buga misali da shi a Suratul Baƙara, don haka bai kamata mumini ya raina shi ba.

Yawancinmu sauron dare kaɗai muka sani, mai kawo maleriya. Akwai wani da masana ke kira Aedes, baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da safe da kuma la'asar sakaliya. Shi ke yaɗa ƙwayoyin bairus na zazzaɓin shawara da denge da cikungunya, waɗanda maganin maleriya ba ya ko taɓa su. Ba labarin nesa ba ne. Shawara ta sake ɓulla a Najeriya a watan Satumban 2017. A Agustan 2019 an samu mai ɗauke da ita a nan Kano, bayan ya dawo daga Yankari ta jihar Bauci. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato.

Ina wannan sauro yake hayayyafa? A tsofaffin tayoyin da aka jibge bayan kamfani, da durom ɗin da aka bari a buɗe, da tarkacen robobi, da tankin da ba murfi, da randar tsakar gida. Ƙwansa yana manne wa jikin mazubi ya jure bushewa watanni, da ruwan damina ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya tashi yana cizo. Ɗan'uwansa Culex kuwa ruwan ƙazanta yake so, irin wanda ke tsayawa a toshasshen lambatu. Mun san ruwan Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai ya bi Getsi da Jakara har madatsar Wasai, kuma duk gaɓar nan talakawa ne ke zaune suna noman rani. Leburan da sauro ya ciza a bakin aiki zai koma Panshekara ko Zawaciki ko Tamburawa da cutar a jininsa, sauron gida ya ɗauka ya zuba wa 'ya'yansa.

Alhaji mai masana'anta, ka gina masallaci a harabar kamfani, Allah ya saka da alheri. Amma ka sani haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. In sakacinka ya kwantar da yaron maƙwabci, za a tambaye ka ranar da riba ba ta amfani. Ka sa a yashe magudanai, a kwashe tayoyi, a kife ganguna, a tace ruwa kafin a sake shi.

Malam magidanci, kai da uwargida, ku wanke randa ku goge cikinta duk mako, ku rufe ta. Ku kai jariri allurar shawara idan ya cika wata 9. Kyauta ce a asibitin gwamnati, kuma guda ɗaya tana kariya har ƙarshen rayuwa da yardar Allah. In zazzaɓi ya zo da ciwon gaɓɓai, ko ido ya yi rawaya, ko jini ya fito, a nufi asibiti, kada a tsaya kemis ana shan asfirin, domin yana ƙara zubar jini ga mai denge.

Kada wani ya ce ƙaddara ce ya naɗe hannu. Tawakkali na gaskiya yana tare da riƙo da sababi, kuma tsafta cikon addini ce. Limamai su faɗa a huɗuba, masu unguwanni su fito da matasa aikin gayya kafin damina ta kankama.

Allah ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, ya sa kada mu zama sanadin cutar da wani. Amin.