Faifan fasa-ƙwauri: muryar da ta fita baki, ta wa ce?

A watan Yulin 1969 wani faifan garmaho ya ɓulla a wasu shagunan birnin Los Anjalas na Amurka. Faifai biyu ne cikin farar jakar kwali, ba hoto, ba suna, ba tambarin kamfani. Wanda ya aza shi bisa garmaho sai ya ji muryar Bob Dylan yana rera abubuwan da bai taɓa kaiwa kasuwa ba: wasu an ɗauke su a birnin Minneapolis a 1961, wasu a 1967 lokacin da ya keɓe kansa da abokan kiɗansa kusa da Woodstock. Samari biyu ne sunka buga shi, ba su tambayi Dylan ba, ba su tambayi kamfaninsa Columbia ba. Faifan ya yi suna da Great White Wonder, kuma shi ake ƙirgawa na farko da ya shahara cikin irin waɗanga faya-fayai a kiɗan rok.

Masu jin Ingilishi suna kiran irin wanga faifai bootleg. Asalin kalmar daga dogon takalmi ne, wanda masu sayar da giya a ɓoye ke cusa kwalba cikin wuyansa. Mu nan ba mu buƙatar aro, muna da kalmar da kowane ɗan Maraɗi ya sani: fasa-ƙwauri. To faifan fasa-ƙwauri ke nan. Har yau akwai mutane a Turai da Amurka da Japan da ke tara su, suna biyan kuɗi masu kauri don su mallaki bugun farko. Tambayar da nake so mu duba, ƴan uwa, ita ce: mai tara waɗanga faya-fayai, kayan sata yake ajiyewa ko tarihi yake tsarewa?

Bari mu fara da abin da su da kansu ke cewa. Suna bambanta abu biyu. Akwai jabu, wato a kwafi faifan da kamfani ya riga ya fitar, a yi masa jaka irin tasa a sayar da araha. Wannan kowa ya yarda cuta ce, don kuɗin da ya kamata ya shiga aljihun mawaƙi ne aka karkatar. Faifan fasa-ƙwauri kuwa yana ɗauke da abin da ba a sayarwa ko'ina, galibi wasan da mawaƙin ya yi gaban jama'a wani dare guda. Mai neman irin wannan, in ji su, ya riga ya sayi duk faya-fayan halal na mawaƙin, ƙishirwarsa ce ba ta kashe ba. Wa ya yi asara?

Hujjar tana da ƙarfi, kuma har kotu ta taɓa kusantar ta. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mai suna Dowling, wanda ke buga faya-fayan Elvis Presley ba izini yana aika su ta gidan waya. An tuhume shi da safarar kayan sata tsakanin jihohi. Kotun ta ce a'a, keta haƙƙin mallakar waƙa laifi ne, amma dokar kayan sata ba ta hau kansa ba, don ba a raba mai abu da abinsa ba. In an sace maka akuya, garkenka ya ragu. In an ɗauki muryarka, muryarka tana nan a maƙogwaronka. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, kuma nan na yarda da alƙalan: kalmar "sata" ba ta zauna daidai bisa wanga aiki ba. Sai dai rashin dacewar kalma ba ya wanke aiki. Yana nufin mu nemi kalmar da ta dace.

Don mu same ta, mu dubi faifan da ya fi kowane suna wurin masu tara na Dylan. Ran 17 ga Mayun 1966 ya yi wasa a zauren Free Trade Hall na birnin Mancesta a Ingila. Rabin farko shi kaɗai ne da jitarsa ta katako, yadda masoyansa sunka saba. Rabi na biyu sai ya fito da ƙungiyar makaɗa da jita mai lantarki da ganguna, da ƙara mai tsanani. Wasu cikin jama'a sunka ji haushi, don a ganinsu ya bar waƙar talakawa ya bi kasuwa. Sunka dinga tafi a hankali don su ɓata masa wasa. Gab da waƙar ƙarshe wani ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato wanda a labarin Kiristoci ya ci amanar ubangidansa. Dylan ya mayar masa da cewa maƙaryaci ne, sannan makaɗan sunka faɗa waƙar da ƙarfin da ya fi na da.

Ma'aikatan kamfani ne sunka ɗauki wasan da na'urorinsu, aka ajiye. Wani ya fitar da shi ta bayan gida, ya faɗa hannun masu buga faifai, ya yi ta yawo tun farkon shekarun 1970 da suna na kuskure: an rubuta cewa a Royal Albert Hall na Landan anka yi shi. Sai a 1998, bayan shekara 32, kamfanin ya fitar da shi a hukumance, kuma ya bar sunan kuskuren bisa jaka cikin alamar zance, don da shi duniya ta san faifan. Kun ga abin mamaki: daren da anka zargi mawaƙi da cin amana, ta hanyar cin amanar wani ma'aji ne ya iso kunnen mutane.

Kalmar da nake nema ke nan, amana. Wanda ya shiga zauren wasa ya sayi tikitin saurare na dare ɗaya. Mawaƙin ya saki jiki bisa wannan sharaɗi: ya gwada sabon salo, murya ta karye masa, ya manta baiti, ya yi fushi da wani cikin taro. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Gaskiya ne, amma kafin zuwan na'ura, maganar da ta fita iska ke tafiya da ita, sai abin da ƙwaƙwalwar masu ji ta riƙe. Na'ura ta kawar da wanga rangwame. Abin da mai fasa-ƙwauri ke ƙwacewa shi ne ikon mutum na zaɓen wace magana tasa za ta dawwama, wace kuma za ta wuce. Wanga iko ba shi da farashi a kasuwa, shi ya sa kotu ta kasa kiransa kaya, amma duk wanda aka taɓa naɗar maganarsa a waya ba da saninsa ba ya san zafinsa.

To amma kada mu yi saurin rufe shari'a. Da an bar wa mawaƙa da kamfanoni zaɓin su kaɗai, me za mu samu? Sai abin da anka goge anka gyara. Mu a fanninmu mun san bambancin jimlar da malami ya rubuta a allo da wadda ta fito bakin mai sayar da goro yana ciniki. Ta biyun ce harshe mai rai. Haka wasan gaban jama'a yake: nan ake jin yadda waƙa ɗaya ke sauya kama daga dare zuwa dare, yadda mawaƙi ke ja wa wasali tsawo yau ya datse shi gobe. Kuma tarihi ya nuna matsin masu fasa-ƙwauri ne ya buɗe rumbuna da dama. Faifan da wani ya ɗauka daga cikin taro a wasan Rolling Stones na Oakland, ran 9 ga Nuwamban 1969, ya fito kasuwar ɓoye cikin ƴan makonni, kuma a 1970 ƙungiyar ta fitar da nata faifan na wannan rangadi. Kamfanin Dylan ya fitar da waƙoƙin 1967 a 1975, sannan daga 1991 ya buɗe jerin faya-fayai da ya sa wa suna The Bootleg Series, ya ari sunan ɓarayin nasa ke nan.

Kamfanin ma ba waliyyi ba ne. A ƙarshen 2012 ya buga tarin abubuwan da Dylan ya ɗauka a 1962, kwafi wajen ɗari kacal, ya sayar a ƴan shaguna a Turai. Dalili? Dokar Turai ta ce abin da ba a fitar ba cikin shekara 50 kariyarsa ta faɗi. An fitar da shi ne don a ci gaba da kulle shi. Wanda ya ga haka ba zai ce duk gaskiya tana gefe ɗaya ba.

Yanzu mu dawo ga mai tarawa na yau. Shi bai shiga zaure da na'ura ɓoye cikin riga ba, bai buga faifai ba. Ya sayi tsohon abu daga hannu na uku ko na biyar, kuɗinsa ba su kai ga mai fasa-ƙwaurin farko ba, ba su kai ga mawaƙi ba. Yana duban lambobin da anka karce kusa da tsakiyar faifai don ya gane bugun farko, yana duban hatimin roba bisa jaka, da hoton alade na masu buga Trade Mark of Quality, da launin roba, ja ko shuɗi. Laifinsa ƙarami ne, in ma akwai. Abin da nake ƙi shi ne ya ci gaba da cewa tarihi yake ceto. Wasan Mancesta yana nan a hukumance da sauti mai tsabta, kuma a 2016 an fitar da abin da anka ɗauka na wasannin 1966 cikin faifan CD 36. Hujjar ceto ta ƙare ranar da mai abu ya buɗe ƙofa. Abin da ya rage shi ne sha'awar riƙe abin da wasu ba su da shi. Sha'awa ce ta ɗan Adam, ba abin kunya ba ce, amma a kira ta da sunanta.

Wani zai ce: yo ina ruwanmu, Dylan da ya sayar da haƙƙin waƙoƙinsa ga Universal a 2020 kan kuɗin da anka ruwaito sun haura dalar Amurka miliyan 300? Lalle cutar da faifan ɓoye zai yi wa aljihunsa ba ta kai cizon sauro ba. Amma haƙƙi ba ya ƙaruwa ko raguwa da dukiyar mai shi, barnar ce ke ƙaruwa in mai shi talaka ne. Kuma nan maganar ta iso gida. Waƙoƙin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa, sun yi yawo daga waya zuwa waya a katin memwar ba wanda ya biya shi, har ɗaya ta shiga faifan garmaho mai suna Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Abin da ya raba wanga faifai da na fasa-ƙwauri shi ne mai kamfanin ya bi sawun mawaƙan don ya same su a yi yarjejeniya a biya su. Yawon waya ya kai sunan Mdou nesa, gaskiya. Amma neman sa da anka yi ne ya mai da yawon ya zama abinci da rangadin duniya.

Mu kanmu ɗalibai muna cikin wanga hali kowace shekara. Muna zuwa ƙauye da waya, mu aza ta gaban tsohuwa tana tatsuniya, ko gaban makaɗi a wurin biki, mu dawo da abin da za mu rubuta memwar da shi mu sami digiri. Hujjarmu ita ce ta mai tara faifai sak: in ba mu ɗauka ba zai ɓace. Sau da yawa gaskiya ce. Amma ita tsohuwar ba ta da lauya, ba ta da kamfani, ba za ta taɓa fitar da nata bugun bayan shekara 32 ba. Duk kariyar da take da ita tana hannun wanda ya danna maɓalli.

Don haka matsayina shi ne: ajiye muryar wani ba sata ba ce, ɗaukar amana ce, kuma amana tana da sharuɗɗa. In mai muryar yana raye kuma ana iya kai gare shi, a tambaye shi kafin a ɗauka, in ya ce a goge wani wuri a goge. A rubuta gaskiyar wuri da rana da sunan mai magana, kada a mai da Mancesta Landan. In kuɗi ya shigo ta dalilin muryar, a kai masa rabonsa. Mai tara faifan Dylan ba zai iya cika na farko ba, lokaci ya wuce, amma yana iya sayen bugun halal ya ajiye kusa da na ɓoyen, ya kuma bar yi wa kansa kirarin mai ceto. Mu kuwa da muke fita bincike bana, dukkansu suna hannunmu, kuma mafi sauƙinsu shi ne mu koma ƙauyen da kwafin abin da munka ɗauka, mu kunna wa mai shi ya ji, sannan mu tambaye shi ko ya yarda ya fita.